Injin wanki ya rubuta E23 yana ta gurnani, ga ruwa a ƙarƙashinsa: abin da za ki iya yi a gida

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki, kince ƙaninki ne ya sayo miki injin wanki Bosch na hannu, irin wanda ake cewa Beljiyam, mai ƙofa a gaba kilo 7, kuna wani ƙauye ta wajen Ajingi, ruwanku na bohol ne da ake turawa tanki. Jiya kina tsakiyar wanki ya tsaya ya rubuta E23, ƙofa taƙi buɗuwa kaya na ciki, ga laima a siminti, kuma ko kin kashe kin kunna sai dai ya kama gurnani baya yin komai. Maƙociyarki tace a karkata shi ruwan ya zube shikenan ya warke, ke kuma kina jin tsoro. Toh tsoron nan naki yana kan hanya. Ni sana'ata kenan gyaran firji da injin wanki, a Wudil nake, kuma zan miki bayani ne yadda zan yiwa ƙanwata.

Kafin maganar lamba ko tiyo, wuta tukuna. Dan Allah kar ki sake kunna shi wai ki ga ko ya dawo daidai, kuma kar ki taka laimar nan ba takalmi ki miƙa hannu soket. Wutar da ke shiga injin nan bolt 230 ce, jikinsa kuma ƙarfe ne, abin da ke tsare mutum in ruwa ya taɓa waya a ciki shine wayar atin, wato ƙafa ta ukun nan doguwa da ke saman fulogi, ita ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kaita ƙasa. Toh gidajenmu na ƙauye nawa ne aka binne musu sandar atin? Yawanci waya biyu ake jawowa daga fol a kafa soket shikenan. Ga kuma wani abu, injin Beljiyam fuloginsa irin na Jamus ne mai ƙafa biyu zagaye, atin ɗinsa wasu 'yan ƙarafa ne a gefen fulogin, mutanenmu sai su tura tsinke a ramin sama na soket su cusa shi a haka, inji yayi ta aiki lafiya lau amma atin bai haɗu da komai ba. In haka naki yake, ranar da wuta ta ɓalle a ciki ta jikin wanda ya taɓa zata bi. Saboda haka ki je inda wuta ke shigowa gidan ki sauke cenji-oba, in janareta ne a kashe shi, in sola ce a kashe inbata, kar ki ce ai Nepa sun ɗauke, suna iya kawowa hannunki na ciki. Sannan da busasshen hannu, kina sanye da silifa busassu, ki zare fulogin ki rataye shi sama inda ruwa bazai kai ba. Ki rufe famfon da ke bashi ruwa, in babu famfo a kusa da shi ki rufe na gindin tanki. A fitar da yara daga wajen. Allah ya kiyaye, in wuta ta taɓa kama wani kar wanda ya riƙo shi da hannu, a kashe wutar daga tushe ko a ture shi da busasshen icce, kuma a kai shi asibiti ko da yace ya ware.

Yanzu ma'anar lambar. A can ƙasan injin akwai wani faranti da ya rufe gindinsa gaba ɗaya, a tsakiyarsa akwai ɗan farin abu mara nauyi, irin wanda ake kare talabijin da shi a kwali, an yanka shi zagaye, samansa kuma ɗan makunni ne ƙarami. In ruwa ya tsiyaya daga ko ina a cikin injin a farantin nan yake taruwa, farin abun sai ya taso kamar moɗa a randa ya danna makunnin, fanel, wato ƙwaƙwalwar injin, sai ya rufe hanyar shigowar ruwa ya kunna ɗan injin zuƙo mai turo ruwa waje, ya rubuta E23, wasu tsofaffin F23 suke rubutawa. Gurnanin da kike ji na injin zuƙon ne, kuma bazai daina ba muddin farin abun yana sama. Kinga kenan inji bai lalace ba tukuna, ya tsaya ne don kar ruwa ya kai ga moto da wayoyi. Ba ruwa mai yawa yake buƙata ba, kofi ɗaya ko biyu ya isa ya ɗaga shi.

Ga masu karantawa da injinsu ba Bosch ba, kar ku ɗauki lambar wani ku ɗora wa naku. Siemens gida ɗaya suke da Bosch, lambar ɗaya ce. Samsung shi LE ko LC yake rubutawa in yana zargin yoyo. Amma LG in ya rubuta LE ba maganar ruwa yake ba sam, moto ne ya kasa juyawa, sau da yawa kaya ne aka cika masa. Na sha ganin mai LG yana ta neman yoyo da tocila alhali bargo biyu ya danna a ciki. Mai ido biyu kuwa, wanda ake wanki a ɓangare ɗaya a matse a ɗaya, shi bashi da wannan sensa ko kaɗan, sai dai ka ga ruwa a ƙasa.

Maganar maƙociyarki rabinta gaskiya ne. In aka karkata shi ruwan farantin zai zube, farin abun ya sauka, lamba ta goge, inji ya tashi. Amma ruwan da ya shiga farantin daga wani waje ya fito, kuma wajen yana nan. In baki gano shi ba gobe zai sake cika, ke kuma ki sake karkatawa, a haka a haka har ranar da ruwan zai sauka kan moto ko fanel, gyaran da da washa ɗaya ce ko kilif, wato maɗaurin tiyo, ya koma na dubbai masu yawa, kuma fanel ɗin injin Beljiyam ba kullum ake samunsa ba ko a Sabon Gari. Za a karkata shi ɗin, amma a ƙarshe, bayan an gama bincike.

Fara da fitar da kayanki da ruwan ganga, wato cikin injin inda ake zuba kaya. In wankin ruwan zafi kika sa, digiri 60 ko 90, a jira ya huce, naki tunda tun jiya ne ya riga ya huce. Duba gaban injin daga ƙasa ta hannun dama, akwai 'yar ƙofa ƙarama, ki ɓalle ta da cokali ko kan wuƙa. A ciki zaki ga babban murfi zagaye mai murɗawa, shine filta, a gefensa kuma wani siririn baƙin tiyo mai toshi a baki. Kar ki fara da babban murfin, in kika buɗe shi ganga na cike ruwan gaba ɗaya zai kwararo miki, kuma wani ma cikin farantin zai koma. Jawo siririn tiyon, ki tara faranti mai faɗi ko tiren shayi tunda wajen yayi ƙasa bokiti baya shiga, ki cire toshin, in ya cika ki toshe ki zubar ki dawo. Zai ɗau lokaci, kiyi haƙuri dashi har ya daina zuba. Daga nan sai ki shimfiɗa tsumma ki murɗa babban murfin ta hagu a hankali ki zaro shi. Abin da ke fitowa daga nan sai wanda ya gani, fil ɗin hijabi, ƙwandala, maɓallin kaftani, ɗankunne, tsinken sakace, ashana, robar kitso, zaren shadda ya dunƙule da yashi ya zama kamar laka. Ki wanke shi tas, ki leƙa ramin da fitilar waya zaki ga 'yar farfela a can ciki, ki juya ta da yatsa, ya kamata ta juya tana ɗan tsalle-tsalle, hakan daidai ne. Sai ki duba robar da ta zagaye murfin da kyau, in ta tsage ko ta taurare ko wani gashi ko zare ya kwanta a kanta, ga yoyonki nan. Wallahi wannan wajen kaɗai ya ɗauke kaso mai yawa na irin kiran da ake min, musamman in wani ya taɓa buɗewa ya mayar a karkace ko bai murɗa ya kai ƙarshe ba. Ki goge bakin ramin, har zaren da murfin ke bi, ki mayar a miƙe ki murɗa da hannu sai ya tsaya. Ba a sa masa filaya, roba ce, tana fashewa.

Ƙofa kuma da zarar ruwa ya fita an jima ba wuta yawanci tana saki da kanta. In taƙi kar ki fizge hannun, karyewa zaiyi. A cikin 'yar ƙofar nan ta ƙasa, kusa da filta, akwai wata 'yar roba da ake ja ƙasa don buɗewar gaggawa, ki ja ta da bakin sukundireba wani kuma ya ja ƙofar a lokaci guda.

In ƙofa ta buɗe sai robar baki, wannan babbar toka-tokar da ta zagaye ƙofa. Ki sa yatsa ki buɗe ninkinta ki bi ta zagaye gaba ɗaya da fitila, ki fi maida hankali ƙasa inda ruwa ke kwanciya, akwai 'yan ramuka a wajen da ruwa ke komawa ganga, yashi da gashi na toshe su. Huda ƙarama irin ta fil ko zip ɗin wando ta isa, domin in robar nan ta huje ta ciki ruwan ba waje yake fitowa ki gani ba, bayan ƙarfen gaba yake bi ya sauka kai tsaye cikin faranti. In kin ga ta huje a ƙasa, canji ne maganinta. Kar a sa sufa gulu, yana busar da robar ta ƙara tsagewa, faci irin na tayar keke kuma baya jure zafi da omo da jijjiga. In kuma ruwan ta gaban gilashi yake gangarowa, sau da yawa bakin zani ko igiyar wando ce ƙofa ta datse, ko datti ya taru a gilashin, gogewa kawai yake so.

Sai omo, kuma anan nafi zarginki, kiyi haƙuri. Omon da muke saya a shago na ƙulli ko na leda an yi shi ne don wankin hannu a baho, ana so yayi kumfa sosai, mu kuma mun saba in bamu ga kumfa ba gani muke kaya basu fita ba. Inji mai ƙofa a gaba ruwa kaɗan yake ɗauka, ɗaga kaya yake yana yar dasu, kumfa ma hana shi wanki take. In ta yi yawa sai ta cika ganga ta hau sama ta fito ta aljihun omo da ta hanyar iska da ke baya, ta gangaro ta cikin jikin injin, in ta narke ta zama ruwa a faranti. Inji lafiyarsa ƙalau, ba inda ya huje, amma ga E23. Ki tuna jiya, gilashin ya cika da farar kumfa har baki ganin kaya? Ko kin jiƙa kayan a baho da omo da sabulu kika zuba su a haka ba ɗauraya? In eh ne kusan mun kama ɓarawon. Ki nemi omon da aka rubuta na inji ne, akwai hoton inji mai ƙofa a gaba a jikin ledar, in babu shi a kusa ki rage na hannun sosai, cokali biyu na cin abinci ya ishi wanki ɗaya in ba datti ne na gona ba. Ki zaro aljihun omon gaba ɗaya, akwai ɗan wajen dannawa a tsakiya da ke sakinsa, ki wanke shi, ki leƙa rufin ramin da ƴan hudojin da ruwa ke fesowa da maƙogwaron da ke kai ruwa ganga. Omo da sitaci suna daskarewa a nan su zama dutse, ruwa ya rasa hanya ya yi ambaliya. Sitacin rogo da ake damawa na shadda kar a zuba shi a aljihun nan ko kaɗan, a yi shi a baho.

Yanzu ki sa a jawo injin gaba kaɗan ki duba baya. Tiyon shigowar ruwa na irin waɗannan Bosch ɗin yawanci mai riga biyu ne, ta wajen famfo akwai wani ɗan akwati na roba, bawul ne a ciki mai buɗe ruwa da rufewa, kuma a da yawansu wayar wuta na bi ta cikin rigar har zuwa akwatin. Kar a yanka shi, kar a tsoma akwatin a ruwa. Yadda aka yi shi, in tiyon ciki ya fashe ruwan baya zuba a ɗaki, cikin rigar waje yake bi ya sauka a faranti, saboda haka kina iya ganin tiyo a bushe ta waje alhali shine mai laifin. Injin da aka baro a rumfa rana na dukan bayansa, zafin Maris da Afrilu na nan yankin yana gasa roba ta taurare. Ki kwance shi daga famfo, ki duba baƙar washa da ke ciki, in ta lotse ko ta tsage a canza, inci uku bisa huɗu ce, masu kayan famfo duk suna da ita. Washa ke riƙe ruwa a wajen, naɗa farin tef ko leda a zare baya maganin komai, kuma da hannu ake ɗaurewa. Akwai 'yar raga a bakin, ki zaro ta a hankali ki wanke da tsohon buroshin haƙori, kar ki jefar da ita don kin ga tana rage gudun ruwa.

Ragar nan na da muhimmanci a wajenku saboda yashin bohol. Bawul ɗin da ke buɗe ruwa da rufewa wata siririyar roba ce a ciki, ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale bazai rufe ruf ba, kuma ƙarfin ruwan ne kansa ke taimaka masa ya rufe. Littafin injin yana neman ƙarfin ruwa aƙalla bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), wato sai tanki ya kai tsayin mita 10 sama da injin, kuma famfo ya riƙa bada lita 8 a minti ɗaya. Tankunanmu kuwa mita 3 ko 4 ne a kan ƙarfe ko kan soro, kinga ko rabi bai kai ba. Sakamakon shine inji na jinkirin cika, wani lokacin kuma yana kashe amma ruwa na ɗiga ciki dare da rana. Gwajin mai sauƙi ne, inji a kashe ganga a bushe, ki bar famfo a buɗe na 'yan awoyi da rana kina kusa, in kin dawo kin tarar da ruwa a ganga toh bawul ne. Maganinsa filta a kan layin kafin ruwa ya iso inji, a wanke tanki lokaci lokaci, in da hali a sa ɗan injin ƙara ƙarfi, kuma ki maida shi al'ada duk kin gama wanki ki rufe famfo.

Tiyon fitar da ruwa shima ki bi shi da hannu tun daga jikin inji har baki. Wanda ya saba da mai ido biyu sai ya shimfiɗa shi a ƙasa ya nufi rariya, wannan injin kuwa so yake a ɗaga tiyon tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa sannan ya lanƙwaso, in ba haka ba ruwa na shiga yana zurarewa. A Samsung wannan kaɗai yana iya jawo LE ko LC, domin yana ganin ruwa na raguwa sai ya ɗauka yoyo ne. A naki ba shi zai kawo E23 ba, amma in rariya ta toshe ruwa na dawowa yana kwanciya a gindin inji, ko ana wanke tsakar gida ana watsa bokiti ta ƙarƙashinsa, ko feshin ruwan sama na shigowa rumfar, duk suna iya kai ruwa farantin. In wajen na tara ruwa a yi masa ɗan dandamali na siminti mai faɗi, shafaffe, kar a ɗora shi a kan bulo huɗu, lokacin matsa yana iya zamowa.

In duk kin duba waɗannan baki ga komai ba, abin yana ciki, kuma a ƙauye na farko da nake zargi ɓera ne. Wani gida da aka kira ni ta wajen Garko, injin yana ɗaki ɗaya da buhunan dawa, da na buɗe baya sai ga sheƙa a kusurwar faranti, ledoji da ƙaiƙayi da yagaggen atamfa, baƙin tiyon da ke ƙasan ganga mai kama da maƙogwaro an gwaguye shi waje biyu, hudar bata fi ƙwayar gero ba, sai ka matsa shi da hannu ruwa ke tsartowa, wayoyi biyu na injin zuƙo kuma an ci rigarsu jan ƙarfe a fili, tazararsu da ruwan bata kai yatsa biyu ba. Matar gidan tace kwana biyu dama in ta taɓa ƙofar tana jin ɗan tsir a hannu ta ɗauka ba komai. Wannan tsir ɗin shine gargaɗi na ƙarshe, duk wanda injinsa ke yi masa haka ya daina amfani dashi a ranar. Banda ɓera akwai kilif da ya saki saboda jijjiga, akwai jikin injin zuƙo da ya tsage, akwai robar hita, sannan akwai sil ɗin bayan ganga, wato robar da ke tare ruwa a wajen, shi alamarsa inji na ƙara sosai lokacin matsa, in kika juya ganga da hannu kiji gurr-gurr, a baya kuma a ga layin tsatsa ya gangaro, wannan boris ne, wato ƙarfen da ganga ke juyawa a kansa, ya tafi kuma babban aiki ne. Duk waɗannan ba naki bane Malama. Kar ki kwance murfin baya ko na sama, akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare fulogi, gefen ƙarafan na yanka, kuma in yana da sauran garanti daga wanda ya sayar buɗewa na kashe shi.

Toh sai karkatawar. Fulogi a zare, famfo a rufe, ganga ba ruwa, aljihun omo a cire a tsane ramin. Injin nan ya kusa kilo 70 domin akwai tubalan kankare a ciki, manya biyu ake so, ba ke da yaro ba, in kina da juna biyu ma kar ki sa hannu. Mutum ɗaya ya riƙe sama ya karkato shi a hankali, ɗayan ya tare kar ƙafafun su zame, a tsaya a haka har ruwa ya daina zuba kan tsumma. Kar a kwantar dashi, kar a kifa shi, kar kowa ya tura hannu ko kai a ƙarƙashi yana karkace. Ki kalli ruwan da ya fito domin shima yana magana, in fari tas ne ba santsi daga ɓangaren shigowa yake, in yana da santsi da ƙanshin omo kumfa ce ko aljihu, in ruwan datti ne mai launin kaya daga ganga ko filta ko robar ƙofa yake. Sai a mayar dashi tsaye a bar ƙofa a buɗe ya sha iska yini guda da kwana, da damina a ƙara masa. Kar a kunna masa gawayi ko risho a kusa wai ya bushe da wuri.

Kafin gwaji, ni dai shawarata a kira mai wayarin ya yanke fulogin Jamus ɗin ya sa mai ƙafa uku na amfiya 13, ya ja masa soket nasa shi kaɗai a sama da inda ruwa ke kaiwa, ya binne sandar atin, ya sa makunnin kariya mai yanke wuta da kansa na miliamfiya 30.  Kuma a raba shi da ekstenshin ɗin nan na ƙasa, hitar injin kaɗai na jan wajen wat 2000, siririyar waya narkewa take.

Ranar gwajin ƙasa a bushe, ki shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashi da gaba da baya, ba kaya ba omo, ki zuba ruwa lita 1 a aljihu, ki sa shirin ɗauraya da ruwan sanyi, ki koma gefe ki zuba ido ba tare da kin dafa jikinsa ba. Abin da nake so ki riƙe shine lokacin da ruwa ya bayyana ko lambar ta dawo. In tun yana ɗibar ruwa ne, tiyon shigowa ne ko bawul ko aljihu. In sai yana juyawa, robar ƙofa ce ko tiyon ƙasan ganga. In sai yana fitar da ruwa ko matsa, filta ne ko injin zuƙo ko tiyon fita. In ya gama lafiya ki sake da kaya kaɗan da omo cokali ɗaya, in nan ma shiru toh kumfa ce ko murfin filta, kin huta. In kuma lambar ta dawo nan take alhali faranti a bushe yake, farin abun ne ya maƙale ko makunnin ya lalace, kyankyaso da tururuwa na shiga su yi gida a wajen.

Wanda duk yazo gyara yace bari ya cire sensar ko ya haɗe wayoyinta ko ya danne farin abun da tsinke wai Turawa ne da fitina, ki ce masa a'a ko da zai yi kyauta. Lamba zata ɓace, yoyo na nan, kuma babu sauran abin da zai tsayar da injin in ruwa ya kai ga wuta, ke da yaranki ne kuke taɓa shi kullum. Mai gyaran kirki zai nuna miki inda ya huje da idonki ya baki tsohon abin da ya cire.

In ya kama sai an sayo kaya, ki buɗe ƙofar injin ki duba gefen bakin ko cikin 'yar ƙofar filta, akwai takarda mai rubutu E-Nr da FD, ki ɗauki hotonta da waya, da ita ake gane robar ƙofa ko injin zuƙon da zai shiga, domin Bosch kilo 7 kala kala ne kuma robarsu ba ɗaya bace. Washa da kilif da filtar layi ana samu a nan Wudil, maigida in zai shigo kasuwa ranar Juma'a ya taho da tsohuwar washar a aljihu a gwada masa. Robar ƙofa da tiyo mai akwati kuwa sai an aika Kano, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, kuma in ta hannu za a sayo a lanƙwasa ta a gaban mai shago a ga bata tsattsage ba kafin a biya. Ki turo min hoton takardar da na fulogin da soket ɗin, ki faɗa min kalar ruwan da ya fito daga farantin, daga nan zan gaya miki ko aikin gida ne ko sai an zo.